Yadda za ka zaga Mazara, garin masunta na bakin tekun Italiya, ka gane shi cikin kwana biyu

Tun ina yaro a zauren malaminmu nan Tawa nake jin sunan Imamu Mazari. Duk wanda ya taɓa zama anka buɗe mishi Muhtasar na Shehu Halilu ya san malamai huɗun da yake jingina musu magana tun daga gabatarwa, Lahmi da Ibnu Yunus da Ibnu Rushdi da Mazari, amma wallahi sai da na girma na fara koyar da tarihi da labarin ƙasa a lakwal sannan na gane ashe Mazarin nan sunan gari ne anka laƙa mishi, kamar ka ce Bakano ko Ba'adare, kuma garin na nan har yau bakin teku cikin ƙasar Italiya, ana ce mishi Mazara del Vallo. Ƙanena ya daɗe yana aiki wanga yanki da takardunsa, bara cikin watan Oktoba Allah ya nufa na kai mishi ziyara, na ce ko mi za a yi sai na taka garin da ƙafata. Tun da na dawo ake ta tambayata, musamman ƴan uwanmu da ke zaune Palermo, babban birnin yankin, da kewaye waɗanda garin ke bakin hancinsu amma ba su taɓa leƙawa ba. To ga yadda za ka yi, in dai so kake ka gane garin, ba ka ɗauki foto biyu ka juyo ba.

Kafin komi buɗe taswira cikin wayarka, kar ka raina wanga mataki. Italiya kamar doguwar ƙafa take cikin Bahar Rum, gaban yatsun ƙafar akwai babban tsibiri mai kusurwa uku, shi ne Sisiliya, wanda littattafanmu ke ce ma Siƙilliya. Mazara na gefensa na kudu maso yamma, cikin lardin Trapani, daidai inda wani ɗan gulbi mai suna Mazaro ke zuba cikin teku, mutanen garin kamar 50,000. Yanzu ja yatsanka daga Mazara ka yi kudu maso yamma, ba za ka yi nisa ba sai ka ci karo da Tunisiya. Inda ruwan ya fi ƙunci tsakanin Sisiliya da hancin ƙasar Tunisiya da ake ce ma Cap Bon wajen kilomita 150 ne, kaɗan ya ɗara Yamai zuwa Doso. Ka ga ke nan ɗan Mazara ya fi kusa da birnin Tunis bisa ga Roma babban birnin ƙasarsa, kuma nesa ba kusa ba. Riƙe wannan da kyau, don duk abin da za ka gani a garin, daga masallaci har bututun gaz, ta wanga ruwa ya ƙetaro daga wajenmu.

Yanayinsu kishiyar namu ne. Mu ruwa ke sauka Yuli da Agusta, su lokacin ne rani tsantsa, rana kamar ta Afrilu a Tawa sai dai da laima, ciyawa ta bushe ƙarau, ruwan sama sai daga kaka zuwa ƙarshen sanyi. Akwai wata iska mai zafi da suke ce ma shirokko, daga Sahara take tasowa ta ƙetare teku, in ta busa za ka ga jar ƙura bisa gilashin motoci, ƙanena ya shafa da yatsa ya nuna mini ya ce yaya ga ƙasar gida ta biyo mu. Shawarata ka tafi Afrilu zuwa Mayu ko Satumba zuwa Oktoba. Agusta kam bar shi, ƙasar duka hutu take, otel ya yi tsada, bakin teku ba masaka tsinke.

Wanda ke cikin Italiya da takardar zama wannan sakin layin ba nashi ba ne. Amma in daga nan gida za ka tashi, sai da paspor da bizar Schengen, kuma ka fara da tambaya ambasad ɗin Italiya a Yamai ina ake aje takardu a lokacin da kake shiri, kar ka dogara ga maganar ɗan tsakani. Kuɗin bizar gajeren zama yuro 90 ne tun watan Yuni 2024, yuro guda kuwa sefa 655 da ɗan kai, ka ga wajen jikka 59 ke nan, kuma ko an hana ka ba a maido su. Za a nemi asirans ta lafiya mai ɗaukar aƙalla yuro 30,000, da shaidar wurin kwana ko takardar gayyata daga mai masaukinka, da shaidar kana da abin da zai maido ka gida, aiki ko kasuwa ko iyali. Bizar kwana 90 ce mafi yawa cikin kwana 180, kuma ba ta aiki ba ce, wanda duk ya ce maka za ka shiga da ita ka kama aiki cutarka yake so. Jirgi kuwa ba mai zuwa kai tsaye, sai ka yada zango Kazablanka ko Istanbul, ka sauka Roma ko Milan, sannan ka sake wani zuwa Palermo.

Daga Palermo babbar hanyar da ake ce ma A29 ita ke kai ka har ƙofar Mazara, kilomita 120 ko kusa da haka, ba a biyan kuɗin hanya, da kar wajen awa biyu. Akwai jirgin ƙasa da ke bi ta Castelvetrano amma ya fi jan lokaci, in shi ka zaɓa kuma tikenka na takarda ne to ka tura shi cikin ɗan injin da ke tasha ya buga mishi kwanan wata kafin ka shiga, in ba haka ba tamkar ba ka biya ba, tara za a ci ka. Akwai kuma ƙaramin filin jirgi na Trapani Birgi da ya fi kusa. Kar ka sa tafiyarka ran Lahadi, motoci kaɗan ne. Ka yi ƙoƙari ka iso da yamma ka kwana cikin garin, don abin da nake son ka fara gani da sassafe ake ganinsa.

Mafi yawan baƙi da babbar majami'a suke farawa, ni ko na ce maka a'a, ka yi sallar asuba ka nufi bakin gulbi. Mazaro ba wani gulbi ba ne in ka san Isa a Yamai, mutum biyu na iya hira daga wannan gaɓa zuwa waccan, amma bakinsa shi ne tashar jiragen garin tun fil azal, tun zamanin Finiƙiyawa da sunka kafa zangon ciniki nan ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya ya zama tashar wani babban birnin Girkawa na kusa mai suna Selinunte. Sauko ka bi gaɓar da ƙafa har inda ta buɗe cikin teku. Ƙananan jirage na jere gefe da gefe, warin kifi da na gazuwal, tsuntsayen teku na ta kuka, ana sauke akwatuna cike da ƙanƙara, can gaba kuma sabuwar tasha inda manyan jiragen ƙarfe masu jan taru ke tsayawa. Ka buɗe kunne, za ka ji Italiyanci, ka ji yaren Sisiliya, ka ji Larabcin Tunis, wani lokaci duka ukun cikin bakin mutum guda. Mazara na cikin manyan garuruwan su na Italiya baki ɗaya, arzikin garin nan yake shigowa.

Abin da ya yi musu suna shi ne wani jan jatan lande, kirebet ɗin da muke gani a firijin manyan kantunan Yamai amma wannan ja ne zur kamar an tsoma shi cikin jini, suna ce mishi gambero rosso. Ba a bakin gaɓa ake samunsa ba, can ƙasan teku yake rayuwa, zurfin da ke kai mita 700, sai jirgi ya fita ya yi wata guda ko fiye bai ga ƙasa ba, ana jan taru dare da rana, ana zaɓe shi da hannu manya daban ƙanana daban, a daskarar da shi nan take cikin jirgin. Manyan gidajen abinci na Milan da Roma da wasu ƙasashe ke saye, kuma ɗanye suke cinsa. Ma'aikatan jirgi bisa al'ada kaso suke samu daga abin da anka kamo bayan an fidda kuɗin mai da abinci, in tafiya ta yi kyau kowa ya dara, in gazuwal ya yi tsada ko teku ta hana to wata guda ya tafi a banza. Shi ya sa jiragen ke ta raguwa shekara bisa shekara, mai ya yi tsada, Tarayyar Turai ta rinƙa biyan masu jirage su farfasa tsofaffin don a rage kamun, samarin garin kuma ba su son aikin ubanninsu.

Nan ne ya kamata ka nemi wanda za ka yi magana da shi, kuma ba wuya. Ni wani dattijo na tarar zaune bisa akwati ya miƙe ƙafa ya maƙale taru da babban yatsansa yana ɗinke inda ya yage da wata allurar roba, hannuwan nan duk sun tsattsage don gishiri. Na yi sallama ya ɗago ya amsa cikakkiya, na ce ya ammi daga Nijar nake, ya matsa mini gefen akwatin. Mutumin Mahdiyya ta Tunisiya ne, yana saurayi ya zo, ɗiyansa duk nan anka haife su. In kana da ɗan Larabcin zaure zai kai ka, in kana da Faransanci ma yawancinsu na ji. Ƴan Tunisiya sun fara zuwa ne tun ƙarshen shekarun 1960, yawancinsu daga Mahdiyya da Shabba, garuruwan masunta, lokacin da jiragen Mazara ke neman hannu, yau da wuya ka ga babban jirgi ya fita ba su ciki. Tambaye shi zancen Libiya ka ji. Inda jan kirebet ɗin ya fi yawa kusa da ruwan Libiya ne, Libiya kuwa tun 2005 ta ce mil 74 daga gaɓarta wurin sunta ne ita kaɗai, su kuma ƴan Mazara na cewa ruwan kowa ne. Ran 1 ga Satumba 2020 mutanen Halifa Haftar, kwamandan sojan gabashin Libiya, sunka kama jirage biyu, Antartide da Medinea, da masunta 18, Italiyawa 8, ƴan Tunisiya 6, ƴan Senegal 2, ƴan Indunusiya 2, anka tsare su Bengazi kwana 108, sai da firaministan Italiya na lokacin Giuseppe Conte ya tafi da kansa cikin Disamba sannan anka sake su. Matan Kirista da matan Musulmi tare sunka yi zaman jiran mazansu.

Kuma wanga ruwa dai shi ne wanda yaranmu ke shiga cikin jirgin roba daga Libiya da Tunisiya. Masuntan Mazara sun sha tsamo mutane da rai, sun kuma sha jawo taru su ga abin da ba a son gani. Na tsaya bakin tashar na dubi kudu, ruwa iya ganinka, na tuna samari nawa daga Adar sunka tafi bida ta Agadas har yau uwayensu ba su ji ɗuriyarsu ba. Don Allah wanda ke karanta wannan yana da wanga niyya ya sake tunani.

In kana bakin gulbin ka ga ruwa ya ja baya farat ɗaya ko ya taso cikin ƴan mintoci ba iska ba hadari, jirage na karo da juna, kar ka tsorata amma ka matsa daga gaɓa. Abu ne sananne a garin, sunansa marrobbio, canjin nauyin iska bisa teku ke kawo shi.

Wajen hantsi sai ka juya ma gulbi baya ka shiga tsohon gari, unguwar da ake ce ma Kasba. Kashe taswirar waya, ba za ta yi maka amfani ba, lunguna ne ƙanana masu lanƙwasa, wani mutum biyu ba su jerawa, ka bi wani ya kai ka tsakar gida ya ƙare. Wanda ya san Birni a Damagaram ko tsohon garin Agadas zai ji kamar ya taɓa zuwa, kuma dalilin guda ne, inuwa da kare iska da sutura ga iyali. Amma ka san abin da kake kallo. Gidajen kansu ba na zamanin Larabawa ba ne, an rushe an sake ginawa sau da yawa, tsarin lungunan ne ya tsira. Su kuma fale-falen tangaran masu zane da ke manne ga bango, masu kyan foto, aikin ma'aikatar magajin gari ne na shekarun baya-bayan nan. Unguwar ta taɓa zama kango, musamman bayan girgizar ƙasar 1981 da ta sa masu gidajen sunka koma sababbin unguwanni, ƴan Tunisiya ne sunka shiga sunka rayar da ita, har gwamnatinsu ta buɗe ma ɗiyansu makarantar firamare nan cikin garin. Abin da ya fi taɓa ni ke nan, unguwar da Musulmi sunka zana tun shekara fiye da dubu, anka fidda su, sai ga jikokin maƙwabtansu sun dawo cikinta ba da takobi ba, da allurar ɗinkin taru.

Samu inuwa ka zauna in ba ka tarihin, don nan ne ya fi daɗin ji. Shekara ta 827, wato 212 bayan hijira, Sisiliya na hannun Rumawa. Wani kwamandan jiragensu mai suna Eufemio ya yi tawaye ya gudu ya nemi taimakon sarkin Aglabawa na Ƙairawan cikin Tunisiya ta yau, Ziyadatullahi na farko. Ka san wa anka ba tutar yaƙin? Ba wani barde ba, alƙalin Ƙairawan ne, Asadu bin Furat, dattijo mai kusan shekara 70, wanda ya zauna gaban Imamu Malik da kansa a Madina ya ɗauki karatu, kuma tambayoyin da ya tattara su ne tushen da Sahnun ya gina Mudawwana a kai. Sunka tashi daga Susa cikin watan Yuni, bayan kwana uku sunka sauka gaɓar Mazara. Shi Asadu bai daɗe ba, annoba ta ɗauke shi 828 suna kewaye da birnin Sirakusa. Cin tsibirin kuwa bai zo da sauƙi ba, Palermo 831, Sirakusa sai 878, Taormina 902, ka ga shekara 75 ke nan. An raba tsibirin kashi uku, na yamma mafi girma ana ce mishi Val di Mazara, can ne garin ya samo wutsiyar sunansa.

Abin da sunka bari ba a gini yake ba, a gona yake da baki. Lemun tsami da lemu mai ɗaci da rake da auduga, da dabarun ban ruwa, har yau manomin Sisiliya na ce ma tafkin da yake tara ruwan garka gebbia, daga jabiya, furen lemu kuma zagara, daga zahar. Sai kuma malamai. Imamu Mazari asalin gidansu nan ne, amma Mahdiyya ya zauna ya karantar, ya yi sharhin Sahihu Muslim, ya rasu 536 bayan hijira wato 1141, kabarinsa na Munastir cikin Tunisiya, saboda haka kar ka wahal da kanka neman hubbarensa a Mazara kamar yadda na fara yi. Ibnu Yunus ma da Halilu ke ambata Basiƙille ne. Biyu cikin huɗu ke nan tsibirin ga ya bayar, kuma ka lura, Mahdiyyar da Mazari ya zauna ita ce garin dattijon nan mai ɗinkin taru.

Daga Kasba ka fito dandalin Repubblica inda babbar majami'ar take. Ka je, ko ba ka shiga ba ka zagaya ka tsaya gaban babbar ƙofar ka ɗaga kai. Akwai sassaƙen dutse bisa ƙofar, wani mahayi bisa doki, ƙarƙashin kofaton dokin mutum ne kwance. Mahayin shi ne Ruggero, shugaban Normandawa, Kiristoci ƴan asalin arewacin Faransa, da ya ci garin 1072, na ƙasan kuma Musulmi ne, mutanen garin na ce mishi Mokarta. Na daɗe tsaye nan raina ba daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma ka taka ƴan taku kaɗan wajen teku za ka tarar da babban dandali, sunansa dandalin Mokarta, nan ne kuma ragowar ganuwar Ruggero take, baka guda ce kawai ta rage don an rushe sauran 1880. Normandawan ba su kori Musulmi nan take ba, sun riƙe magina da marubuta da masana, ɗan Ruggero ne ma Ruggero na biyu ya aje Idrisi a fadarsa ta Palermo ya zana mishi taswirar duniya 1154, wadda har ƙasashen Sudan da Gao ke ciki. Koma bakin gulbi ka dubi ƙaramar majami'ar San Nicolò Regale ta 1124, ginin murabba'i da ƙubba bisa kai, ba don kuros ba sai ka rantse hubbaren wani waliyyi ne. Sai ƙarni na 13 ne sarki Federiko na biyu ya kwashe Musulmin da sunka rage ya kai su wani gari mai suna Lucera can cikin babbar ƙasa, daga nan kiran salla ya ɗauke daga tsibirin shekaru ɗaruruwa.

Yanzu ya dawo, akwai ɗan masallaci cikin Kasba, tambayi kowane mai shago zai nuna maka. Ka kula da alƙibla, mu nan Tawa gabas muke fuskanta mu ɗan karkata arewa, can kuwa gabas ne ka karkata kudu. Ka kuma ci abinci kafin ƙarfe 1 ko ka shiga gidan abinci daidai lokacin, don daga 1 zuwa wajen 4 shaguna rufewa suke, gari ya yi tsit. Abincin da za ka nema kuskus da kifi, shi ne tuwon wanga yanki, Kirista da Musulmi kowa na yi, da hannu ake murza tsakin cikin faffaɗan kasko kamar yadda iyayenmu mata ke yi in za a turara dambu, sannan a jiƙa shi da romon kifi. Kalmomi uku ka haddace, maiale shi ne alade, strutto kitsen alade ne, vino giya. Strutto ɗin ne mai haɗari don suna sa shi cikin wani burodi da kayan zaƙi inda ba ka zato, har fitaccen kannolo ɗinsu ɓawonsa da shi ake yi bisa al'ada. Ka ce senza, ma'ana ban da, ka tambaya ba kunya, sun saba. Nama kuwa akwai mahautan halal na ƴan Tunisiya. Da la'asar sakaliya sai ka bi jama'a bakin teku, kowa da iyalinsa a fito ana takawa ana gaisawa har dare.

Kwana na biyu da safe akwai gidan tarihi cikin tsohuwar majami'ar Sant'Egidio, abu guda anka gina shi dominsa, mutum-mutumin tagulla mai tsawon wajen mita 2, yana rawa kai a baya gashi na tashi. Jirgin su na garin mai suna Capitan Ciccio ne ya jawo shi cikin taru watan Maris 1998 daga zurfin kusan mita 500, bayan ya fara jawo ƙafarsa guda 1997. Tsirara yake, kuma daga addinin Girkawan da ya fito, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya wuce abinsa, minti 30 ya isa ga mai shiga.

Ni abin da ya fi ja na ba a ganinsa da ido. Gaɓar Mazara ce bututun Transmed ke fitowa daga teku, wanda ke ɗauko gaz daga Hassi R'Mel cikin hamadar Aljeriya, ya ratsa Tunisiya, ya nutse daga Cap Bon, ya fito nan ya haura har arewacin Italiya, tun 1983 yake aiki. Tun da yaƙin Ukraine ya sa Italiya ta rage sayen gaz ɗin Rasha, Aljeriya ta zama babbar mai ba ta, ta wanga ƙofa. To ka tuna bututun da ake ta zancen za a ja daga Najeriya ya ratsa Nijar, wanda ƙasashen uku sunka sa ma hannu 2009 sunka sabunta 2022, ina zai ƙare? Hassi R'Mel. In Allah ya sa anka yi shi, gaz ɗin da zai bi ta ƙarƙashin ƙasarmu ɗaya daga hanyoyinsa na shiga Turai nan ne. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ma da ke haɗa Kelibiya ta Tunisiya da Turai nan suke fitowa. Ɗalibaina na nuna ma wannan bisa allo da na dawo, ajin ya yi shiru.

Da rana ka nemi mota ka fita bayan gari. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai farin dutse, gonakin inabi iya ganinka, yawancinsa giya ake yi da shi, ka yi gabas wajen Campobello da Castelvetrano kuma sai zaitun, wani iri mai ƙiba kore shar da ake ce ma Nocellara del Belice. Kangon Selinunte na nan gaba kaɗan, ginshiƙan dutse manya-manya bakin teku, in da lokaci ka leƙa. Daga Oktoba zuwa Disamba ake tsinkar zaitun, kuma hannuwan da ke tsinkar yawancinsu baƙaƙe ne, ƴan Senegal da Gambiya da Mali da namu. Na ga inda wasu ke kwana, bukkokin leda da katako, ba ruwa ba makewayi, wani sansaninsu na tsohuwar masana'antar siminti kusa da Campobello ya taɓa ƙonewa cikin Satumba 2021 har mutum guda ya rasu. Akwai ƴan kamasho da suke ce ma kaporale, su ke kwasar ma'aikata su kai gona su yanke rabonsu daga guminsu, dokar Italiya ta 2016 ta tsananta hukunci ga ɗan kamashon da mai gonar duka, amma wanda bai da takarda tsoron kai ƙara yake. In ka tarar da ƴan gida ka zauna ka sha shayi da su, ka karɓi saƙo in akwai, kar ka ɗauki fotonsu ba izini, da yawa iyalansu ba su san halin da suke ciki ba.

Tsaraba kuwa kar ka sayi kirebet, ba zai kai Yamai ba bare Tawa. Man zaitun sabon matsa za ka nema, in lokacin kaka ne ka je wurin matsar da kanka, kore ne mai kauri yana ɗan kartar maƙogwaro, ka ce a ba ka na gwangwani ba na kwalba ba, ka naɗe shi da tufafi cikin babbar jaka, don ta hannu ba a barin ruwa ya wuce mililita 100, za a karɓe a filin jirgi. Gwangwani biyu na ɗauko, guda na inna, guda na kai ma Malam tare da foton bakin gulbin. Ya sa madubin idonsa ya daɗe yana duba wayar, ya ce nan ne garin su Mazari? Na ce nan ne, Allah gafarta Malam. Ya ce in ɗan ƙara mishi girman hoton ya ga jiragen.